Kuɗin tsaron makarantu: ta ina suke shigowa Kano?

Duk lokacin da aka sace ɗalibai a wata jiha, ko aka ji 'yan daba sun haura katangar wata makaranta a cikin gari, tambaya ɗaya ce take dawowa bakin iyaye da malamai: ai an ce gwamnati ta ware kuɗi don tsaron makarantu, ina ake cika fom ɗin? Amsar ba ta da daɗin ji. Babu wani fom guda da hedimasta a Gwale ko Fagge zai cika ya tura Abuja, bayan wata uku ya ji alat. Kuɗin dai akwai su, wasu ma masu yawa ne a takarda, amma ba haka suke tafiya ba. Wanda bai san hanyarsu ba sai ya ƙare da rubuta wasiƙu zuwa ofisoshin da ba su da hurumin ba shi ko sisi.

Wani ɓangare na ruɗanin daga waje ya zo. Sanarwar da ake yawan turawa a WhatsApp, mai ɗauke da dubban daloli da alƙawarin tallafin hana tashin hankali a makarantu, galibi daga tsarin Amurka aka tsinto ta. A can lallai akwai irin wannan tallafin. Bayan harbin da aka yi a wata sakandare a Parkland ta jihar Florida ranar 14 ga Fabrairu, 2018, inda mutum 17 suka mutu, majalisar ƙasar ta yi dokar da ake kira STOP. A ƙarƙashinta Ma'aikatar Shari'a tana fitar da sanarwa, jihohi da ƙananan hukumomi da hukumomin makarantu da 'yan sanda su yi rajista su nema ta intanet, a tace, a ba wanda ya fi tsara bayani. Wani reshen yana biyan kuɗin makullai da fitilu da na'urar gano ƙarfe, har dala 500,000 a shekara uku, mai nema kuma yakan kawo kashi 25 cikin 100 daga aljihunsa. Ɗaya reshen yana biyan horar da malamai da ɗalibai da kafa hanyar da yaro zai kai rahoto ba tare da an san shi ne ba. Bayan kisan yara 19 da malamai 2 a Uvalde ta jihar Texas a watan Mayun 2022, wata dokar ta ƙara dala biliyan 1 ta hannun Ma'aikatar Ilimi. Duk wannan na hukumomin Amurka ne kaɗai. Makarantar da ke Kurna ko Sheka ba ta ciki, komai kyawun Turancin da aka rubuta takardarta da shi. Duk wanda ya zo maka da wannan sanarwar ya ce ka biya kuɗin fom, ko ka turo BVN ɗinka da lambar asusun makaranta zai shigar da ku, to kuɗinka yake nema.

Namu tsarin daga Chibok ya samo asali. An sace ɗalibai mata 276 a watan Afrilun 2014, a watan Mayu kuma, lokacin taron tattalin arzikin duniya da aka yi a Abuja, tsohon firaministan Birtaniya Gordon Brown tare da 'yan kasuwar Najeriya suka ƙaddamar da shirin kare makarantu. 'Yan kasuwa suka yi alƙawarin dala miliyan 10, gwamnatin tarayya ta ce za ta ɗora irinsu. Hankalin shirin a lokacin yana kan Borno da Yobe da Adamawa, duk da cewa a shekarar ne Kano ma ta ɗanɗana: bam ya tashi a Makarantar Koyon Tsaftar Muhalli a watan Yuni, aka kai hari Kwalejin Ilimi ta Tarayya a watan Satumba. Daga nan takardu suka yi ta ƙaruwa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, lokacin da gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana goma da ke wajen gari, aka fitar da manufar ƙasa kan tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu a 2021, tare da mafi ƙarancin ƙa'idojin da ya kamata kowace makaranta ta cika. A Disambar 2022 sai ga tsarin samar da kuɗin, na shekarun 2023 zuwa 2026, wanda aka ƙiyasta zai ci naira biliyan 144.8.

Wannan adadin shi ne yake yaudarar mutane. Biliyan 144.8 ƙiyasi ne na abin da ake buƙata daga tarayya da jihohi da masu ba da agaji gaba ɗaya, ba kuɗi ne da aka tara a wani asusu ana jiran masu nema ba. Abin da tarayya ta ware a ƙarƙashinsa, kamar naira biliyan 15 na kasafin 2023, ta hannun hukumomin tsaro da ma'aikatun tarayya yake bi. Abin da makaranta za ta iya samu kai tsaye daga nan shi ne ta yi rajista da cibiyar kai ɗauki ga makarantu da ke ƙarƙashin hukumar sibil difens, wadda aka buɗe a 2023, don a san inda take da lambar da za a kira. Rajistar tana da amfani, amma ba ta zuwa da bulo ko buhun siminti.

To ta ina kuɗin da ake gani da ido suke shigowa? Hanya mafi girma ga firamare da ƙaramar sakandare ita ce ta UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta tarayya. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce a ware wa wannan hukuma aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Babban kaso daga ciki tallafi ne da jiha ba za ta taɓa shi ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga nata aljihun. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bayan haka SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ta rubuta jerin ayyukan da za ta yi da kuɗin, makaranta kaza ajujuwa kaza, makaranta kaza katanga, makaranta kaza banɗaki da rijiyar burtsatse, UBEC ta amince, sannan a ba da kwangila. A lura da kyau: mai nema a nan jiha ce, ba makaranta ba. Aikin makaranta shi ne ta ga sunanta ya shiga wannan jerin kafin a rufe shi. Hanyar kuwa ta sakataren ilimi na ƙaramar hukuma take bi. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, takwas daga ciki su ne cikin birni da kewaye, kowace da nata sakataren da tarin makarantun da ke kuka a gabansa. Babbar sakandare ba ta nan take bi ba. Tata buƙatar tana zuwa ne ta hukumar kula da manyan makarantun sakandare ko ta makarantun kimiyya da fasaha, zuwa Ma'aikatar Ilimi, ta shiga kasafin jiha.

Kasafin jiha kuwa yana da lokacinsa. Ma'aikatu suna haɗa buƙatunsu tun daga tsakiyar shekara, gwamna ya kai wa majalisa a watannin ƙarshe, sabon kasafi ya fara aiki a Janairu. Wasiƙar da ta isa a watan Fabrairu tana neman katanga ta makara da shekara guda, sai dai in an yi sa'a. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024, kuma ilimi yana ɗaukar kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin jihar a wannan zamanin, don haka wurin shiga ya fi na baya faɗi. Sai dai kowa ya san ganin aiki a littafin kasafi daban, sakin kuɗinsa daban.

Akwai kuma ayyukan mazaɓu. Kano tana da sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 24 da 'yan majalisar jiha 40. Katangu da yawa ta nan suka samu. Ba zan daɗe a kai ba, don kowa ya san abin da ake bukata a wannan hanyar: wanda zai kai ka, da kusantowar zaɓe.

Hanyar da ta fi kama da abin da mutane suke nufi idan sun ce tallafi, wato kuɗi ya faɗo asusun makaranta jama'arta su kashe da kansu, ita ce ta kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Wannan kwamiti ne da ya haɗa shugaban makaranta, wakilin mai unguwa ko dagaci, iyaye maza da mata, malamin addini, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a a unguwa, har da wakilan ɗalibai. Kano ba baƙuwa ba ce a nan. Shirin ESSPIN na Birtaniya ya yi shekaru yana horar da waɗannan kwamitoci a jihar, shirin NIPEP na dala miliyan 100 da ya haɗa Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina da Sakkwato ya riƙa tura kuɗi asusun firamare, UBEC ma tana da nata shirin na inganta makarantu ta hannun SBMC. Akwai kuma shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 ga jihohi bakwai, Kano na ciki, aka ƙara dala miliyan 700 a 2023. Yana ba makarantun sakandaren gwamnati kuɗin gyara ta hannun kwamitinsu, kuma saboda manufarsa ita ce 'ya mace ta zauna a makaranta, maganar banɗaki mai ƙofa da tsaron harabar makaranta da hanyar kai ƙorafi tana da gurbi a cikinsa. Mu riƙa tunawa dai, kuɗin AGILE bashi ne. Yaran da ke zaune a ajin yau suna cikin waɗanda za su biya, don haka wanda ya ci shi bai ci kuɗin Bature ba.

Duk waɗannan shirye-shiryen abu iri ɗaya suke dubawa kafin su saki kuɗi. Makarantar tana cikin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara? Kwamitin yana zama da gaske, akwai littafin da ake rubuta abin da aka tattauna, da sa hannun mahalarta? Akwai asusun banki da sunan kwamitin, ba da sunan hedimasta ba, mai buƙatar sa hannun mutum fiye da ɗaya? Akwai rubutaccen tsarin abin da makarantar take son gyarawa, an jera shi daga mafi gaggawa? A nan ne makarantu da yawa suke faɗuwa tun ba a fara ba. Kwamitin da aka haɗa a daren da aka ji masu duba makarantu za su zo, aka cika shi da sunayen abokan hedimasta, ana gane shi da tambaya biyu.

Yanzu ga inda nake ganin an fi yin kuskure. Ka tara kwamiti ka ce me kuke so don tsaro, kafin ka rufe baki wani dattijo zai ce, “Ranka ya daɗe, katanga.” Gaskiyarsa ne ta wani ɓangaren. Makarantar da ba ta da katanga a cikin birni hanya ce ta masu babur da rana, filin ƙwallo da yamma, matattarar masu shan wiwi da ƙwaya da dare, wani lokacin har makewayin unguwa. Da safe yara ne suke share abin da aka bari. Amma tsarin tsaron makarantu na ƙasa an gina shi ne da hoton 'yan bindiga a kan babura suna fitowa daga daji, shi ya sa harshensa duk katanga ne da waya mai ƙaya da ƙararrawa. A Dala ko Tarauni ba wannan ne abin da ya fi cin yaro kullum ba. Abin da ke cinsa shi ne lokacin tashi, sa'ad da 'yan safe suke fita 'yan rana suna shigowa, ƙofa ɗaya ta cushe, masu adaidaita sahu sun tare bakin titi, samarin da ba ɗalibai ba sun jingina da bango suna jiran wanda suka yi wa alƙawari jiya. Faɗan daba na unguwa yana bin yaro har cikin aji, a tsinci ɗanbuda a jakar ɗan aji biyu. Ana ƙwace wayar malama a lungun da ke bayan makaranta. Siniya yana karɓe kuɗin tarar juniya. Yarinya tana riƙe fitsari tun safe har ta koma gida saboda banɗakin yana can ƙurya kuma ba shi da sakata. Akwai malamin da yake zane yaro da dorina har fata ta tashi, kuma manufar 2021 ta lissafa irin wannan a cikin cin zarafin da take magana a kai, ko da wasunmu ba sa son jin haka. Kanawa kuma ba su manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a ƙarshen 2021 ya kashe ba, lamarin da ya sa gwamnati ta soke lasisin makarantun kuɗi a farkon 2022 don a sake tantance su. Babu tsawon katangar da zai hana wannan, don mai laifin yana da makullin ƙofar.

Saboda haka kafin a rubuta wa kowa wasiƙa, a sayi littafi mai kwali a ajiye a ofishin shugaban makaranta. A ja layi shida: rana, lokaci, wuri, abin da ya faru, wanda aka sanar, matakin da aka ɗauka. A ce misali: Talata, ƙarfe 1:40 na rana, bayan ajin ƙarshe ta inda katanga ta zube, samari uku sun shigo sun kori 'yan mata daga bakin famfo, an sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda, ba a kama kowa ba. Layi ɗaya ke nan. Idan aka yi zango guda ana cika shi da gaskiya, littafin da kansa zai faɗi abin da ake buƙata. Wataƙila a ga mafi yawan abubuwan a wuri ɗaya suke faruwa kuma a sa'a ɗaya, maganinsu toshe taku ashirin na katanga ne da malamai biyu a bakin ƙofa lokacin tashi, ba zagaye makarantar gaba ɗaya ba. Wataƙila a ga daga cikin gida ne. Abin da ya shafi taɓa mutuncin yarinya ko yaro ba a rubuta shi da suna a littafin da kowa zai buɗe. Wannan yana da fayil ɗinsa a kulle, kuma a ranar ake kai yaron asibiti. Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala don irin haka aka kafa ta, jihar kuma tana da dokar kare yara tun 2023.

Da wannan littafin a hannu, takardar neman tallafi takan rubuta kanta. Jami'in da ke SUBEB ko ma'aikata yana da tulin wasiƙu a tebur, kowace ta fara da dogon yabo ta ƙare da “muna cikin mawuyacin hali”. Wadda za ta tsaya masa a rai ita ce mai cewa: ɗalibanmu kaza ne, mata kaza, zama biyu muke yi, a zangon da ya wuce an samu kutse sau kaza, ga ranakun, katangar gabas ta zube mita kaza, ga hoto, ga ƙiyasin birkila da na mai walda, ga abin da unguwa ta ɗauka, yashi da ruwa da leburori, ga wanda zai kula da aikin bayan an gama. Shafi biyu sun isa. Shugaban kwamiti da shugaban makaranta su sa hannu, mai unguwa ya buga hatiminsa, a bi da ita ta hannun sakataren ilimi ko ofishin shiyya, kada a tsallake shi don an san wani a sama. Takardar da ta tsallake shi gare shi za a dawo da ita, kuma ransa a ɓace. A tafi da kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya tambarin an karɓa da kwanan wata, a dawo da shi makaranta. Ranar da aka ce ba a ga takardarku ba, wannan kwafin ne kaɗai bakinku.

Wani abu da ake mantawa: kusan duk waɗannan kuɗaɗen na gini ne da gyara, na sau ɗaya. Za su yi ƙofar ƙarfe da ɗakin maigadi, ba za su biya maigadin wata-wata ba. Za su sa fitilar sola, ba za su sayi batir ba idan ya mutu bayan shekara biyu. Tunda kuma Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, shugaban makarantar gwamnati ba shi da ikon ya ɗora wa ɗalibai haraji don ya biya maigadi. Ko dai hukuma ta turo, ko tsofaffin ɗalibai da masu hali na unguwa su ɗauka, ko a daidaita da 'yan sintirin unguwa. Takardar da ta amsa wannan tambayar tun kafin a yi mata ita ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Haka kuma abubuwan da suka fi rage cin zali a cikin makaranta, malamar da 'yan mata suka yarda da ita za su iya gaya mata magana, akwatin ƙorafi da ake buɗewa a gaban mutum biyu, jadawalin malaman da ke tsayawa a ƙofa, tantance duk wanda za a ɗauka aiki har maigadi da mai shara, ba sa jiran tallafin kowa. Makarantar da ta nuna ta fara su da kanta ta fi saurin samun mai saurarenta.

Idan kuɗin suka shigo, yawanci kashi-kashi ake sakinsu, kuma kashi na biyu yana rataye ne da bayanin na farko. Kowane buhun siminti da rasit ɗinsa, kowane lebura da sa hannunsa ko dangwalensa, hoto kafin aiki da lokacin aiki da bayansa. A liƙa adadin kuɗin da aka karɓa da abin da aka yi da su a allon sanarwa inda iyaye za su gani, don jita-jitar an ci kuɗin makaranta ta rusa kwamitoci fiye da yadda satar kanta ta rusa. Kuma kada a karkatar: kuɗin da aka nema don banɗakin 'yan mata aka gyara ofishin firinsifal da su, ko da ofishin yana yoyo, masu bincike a matsayin laifi za su rubuta shi, kuma makarantar ce za ta rasa zagaye na gaba, ba mutumin da ya yanke shawarar ba, wanda wataƙila an riga an yi masa canjin wurin aiki.

Makarantun kuɗi ba sa cikin wannan rabon. Tallafin UBEC da na AGILE na makarantun gwamnati ne, mai makaranta shi zai yi katangarsa ya ɗauki maigadinsa daga kuɗin da yake karɓa, hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu kuma ta bincike shi. Islamiyyu suna tsaka-tsaki. Wadda take da rajista da hukumar makarantun Alƙur'ani da Islamiyya ta jiha tana da ofishin da za ta kai kukanta. Da yawa kuma a cikin ginin firamaren gwamnati suke karatu da yamma, bayan hedimasta da malamansa sun tafi gida, a daidai lokacin da samarin unguwa suke shigowa filin. Irin wannan Islamiyya ta nemi kujera a kwamitin SBMC na makarantar da ta ba ta masauki, ta kuma riƙa shigar da abin da ke faruwa tsakanin la'asar da magariba a littafin makarantar, don waɗannan sa'o'in babu wanda yake rubuta su.